Mikiyar Tagulla da ke Cikin Adudun Kakata

Labarin da na kawo muku a wannan fitowa ta mujallarmu na wani hafsan sojan Jamus ne, ana ce da shi Hans Dominik, wanda ya mutu tun 1910. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗalibin Hausa da sojan Jamus? Ni ma da haka nake zato, sai da wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannun jariri ba ya ba ni kunya a gaban 'yan ajinmu. To, bari in faro muku daga tushe.

Ni mutumin Mubi ne, amma asalin gidanmu daga ƙasar Kano aka ce muka fito. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, tana da wani tsohon adudu a ƙarƙashin gadonta, inda take ajiye likkafaninta da turaren wuta da waɗansu 'yan tarkace da ba ta yarda kowa ya taɓa. A cikin tarkacen nan akwai wani ƙullin tsumma, cikin ƙullin kuwa wata 'yar mikiya ce ta tagulla, ta buɗe fikafikai, da kambi bisa kanta. Tun ina yaro nakan lallaɓa in ce, "Iya, a nuna mini tsuntsun nan." Takan kwance, in shafa, ta ƙulle ta mayar. Abin da kurum na ji ana faɗi a gida shi ne, mikiyar ta Baba Tsoho ce, watau kakan Iya, wanda ya yi yaƙin Marwa.

A kan wannan 'yar magana na gina soro guda. Da na shiga sakandare na karanta yadda Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita ya ci gaba da fafatawa har Marwa, sai na ce shi ke nan, ga amsa. Baba Tsoho yana cikin mayaƙan Lamiɗo, ya kashe wani Nasara, ya cire mikiyar daga jikinsa ya zo da ita gida ganima. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na saƙa, ni na ɗinka, ni na sa, har na manta cewa ni ne masaƙin.

Bara, a darasin adabin baka, malaminmu ya ce kowa ya kawo wani labari da ake bayarwa a gidansu ya faɗa a gaban aji. Da aka zo kaina na miƙe ina ƙasaita, na zuba labari, har da kirari na yi wa Baba Tsoho, 'yan aji suna ta tafi. Na kuma nuna hoton mikiyar da na ɗauko a waya. Malam ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Labarinka ya yi daɗi. Amma wa ya gaya maka ganima ce?" Na ce, "Ai Malam, haka ne ko shakka babu." Ya ce, "Ban ƙi taka ba. Je ka laburare ka binciko mini su wa ke maƙala irin wannan a hularsu, da kuma wanda ya ja su zuwa Marwa. In ka gama, ka koma ka tambayi tsohuwar." Na zauna jikina duk ya yi sanyi.

A laburaren nan ne na yi kiciɓis da Hans Dominik. An haife shi ran 7 ga Mayu 1870 a wani gari mai suna Kulm, cikin ƙasar Furusiya. Yau garin yana cikin ƙasar Polan. Yana goye aka yi yaƙin Jamus da Faransa na 1870 zuwa 1871, wanda a ƙarshensa aka haɗe ƙasashen Jamusawa ƙarƙashin sarki guda. Ya tashi ke nan a zamanin da babu sana'ar da ta kai ta soja daraja a ƙasarsu, alhali kuwa yaƙi ya lafa a Turai. Ya shiga soja a 1889, ya zama laftana. To, saurayin hafsa mai neman suna a wannan lokaci, in ya zauna bariki a gida, sai ya yi furfura yana fareti bai ji ƙanshin albarushi ba. A tsarin Furusiya kuwa, lambar girman da aka samo a fagen fama daban take da wadda aka samu a ofis, don akan ɗora mata waɗansu 'yan takubba biyu a gicciye. Mai son irin wannan lamba, sai ya nufi Afirka.

Jamusawa sun kafa tutarsu a bakin tekun Kamaru tun 1884, bayan yarjejeniyar da Gustav Nachtigal ya ƙulla da sarakunan Duwala. Sojojinsu na farko a can, da yawansu bayi ne da aka sayo daga Dahome, aka sa musu kaki aka ba su bindiga, ba a biyansu albashi. A Disamba 1893 mukaddashin gwamna, wani mai suna Leist, ya sa aka yi wa matansu bulala a gaban idonsu, su kuwa suka yi bore suka kama gidan gwamnati. Da aka murƙushe boren sai aka ga dole a kafa sabuwar runduna. Aka aiki wani kyaftin, Curt Morgen, ya ɗebo sojoji 'yan Sudan daga Masar, Dominik kuwa shi ne mataimakinsa. Haka ya sauka Kamaru a 1894.

Tun daga saukarsa bai huta ba. A shekarar nan aka yi da shi wajen cin Buya, garin Bakweri da ke gindin Dutsen Kamaru, waɗanda suka taɓa kashe wani hafsan Jamus a 1891. Daga nan aka danƙa masa tashar Yawunde, wadda a lokacin 'yar zango ce a tsakiyar kurmi, ya mai da ita barikin soja sosai. Wannan zangon ne ya zama babban birnin Kamaru na yau. Daga Yawunde ya riƙa kai hari gabas da yamma, yana naɗa wanda ya bi, yana ƙone garin wanda ya ƙi, yana tara masu ɗaukar kaya na tilas. A 1899 yana cikin hafsoshin da suka ci Ngila, birnin Wutawa, suka zarce suka ci Tibati, wadda ita ce ƙofar Adamawa ta kudu.

A nan ne labarinsa ya gamu da namu. Tun 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka raba Adamawa a kan takarda: Yola ta faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasar da ke bin Yola kuwa ta faɗa rabon Jamus. Ba wanda ya shawarci Lamiɗo Zubairu. A Satumba 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo ta Binuwai suka ci Yola, Lamiɗo ya fita ya nufi gabas wajen talakawansa, ashe ya gudu daga bakin kura ne ya faɗa bakin zaki. A Nuwamba ya kara da Jamusawa a Garwa, ba a dace ba. Ya ja zuwa Marwa ya sake tara dakaru. A Janairu 1902 Dominik ya iske shi can. Rundunar Dominik ba ta taka kara ta karya ba in an gwada da ta Lamiɗo, amma tana da bindiga mai ruwa. Barade suka yi ta sukuwa suna faɗa wa bakin bindigar nan, tana zubar da su, aka kashe ɗaruruwa. Lamiɗo ya tsira ya shiga duwatsu, har aka kashe shi a ƙasar Lala a 1903.

Abin da ya tsaya mini a rai da na karanta labarin yaƙin nan shi ne, Turawan da ke cikin rundunar Dominik 'yan ƙalilan ne, ana iya ƙirga su da yatsu. Sauran duk baƙar fata ne. Jamusawa sun ɗebi soja daga Laberiya da Saliyo da Yawunde, sun kuma ɗebi Hausawa. Na ci gaba da buɗe littafi har na zo kan hotunan sojojin nan, ga su tsaye cikin kaki, ƙafa ba takalmi, kowa da jar dara a ka. A goshin kowace dara kuwa, ga mikiya ta buɗe fikafikai. Na fito da wayata na gwada. Ita ce, ba ragi ba ƙari. Ashe alama ce ta ɗan Afirka mai yi wa Sarkin Jamus aikin soja.

Bari in ƙarasa muku labarin mai gayya kafin in koma gida. Dominik ya sami abin da ya fito nema. Ya sami lambobi, ya kai muƙamin manjo, ya rubuta littattafai biyu a kan yaƙe-yaƙensa, ɗaya a 1901, ɗaya a 1908 wanda ma'anar sunansa ita ce daga Tekun Atlantika zuwa Tafkin Chadi. Yaran Jamus suka riƙa karanta shi a matsayin gwarzo. Amma ko a ƙasarsu ba kowa ya tafa masa ba. A 1906 shugaban 'yan gurguzu, August Bebel, ya miƙe a majalisar dokokin Jamus ya zarge shi da munanan ayyuka, har da cewa an zuba yara cikin kwanduna an jefa su a ruwa. Zargin bai hana shi ci gaba da aikinsa ba. A 1910 ya murƙushe boren Makawa a gabashin Kamaru, ciwo ya kama shi, aka sa shi a jirgin ruwa za a kai shi gida, ya mutu a hanya ran 16 ga Disamba, yana da shekara 40. Mulkin da ya yi wa wahala bai daɗe bayansa ba, don a 1916 Ingila da Faransa suka kori Jamus daga Kamaru. Duk da haka a 1935 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban Jami'ar Hambug, ya tsaya nan har 1968, sa'ad da ɗalibai irinmu suka ɗaura masa igiya suka tuntsurar da shi.

Da aka yi hutu na tafi Mubi da nauyi a zuciya. Ina ta tunanin yadda zan gaya wa tsohuwa mai shekara tamanin cewa kakanta da take alfahari da shi sojan Nasara ne. Na kwana biyu ina kewaye-kewaye. Ran na uku da daddare, bayan ta idar da sallar lisha, na zauna bakin tabarmarta na ce, "Iya, wai Baba Tsoho, a yaƙin Marwan nan, wane ɓangare yake?"

Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Kai maigida, duk bokon naka sai yau ka tambaya? Ai sojan Jamus ne."

Na ce, "Iya, dama kin sani?"

Ta ce, "Yo ni da na ɗebo masa ruwan alwala? Wa ya ɓoye? Ba a dai tambaya ba ne."

Daga nan ta ba ni labarin kamar yadda ta ji daga bakinsa da bakin mahaifiyarta. Lokacin basasar Kano, wadda littattafai suka ce an yi daga 1893 zuwa 1895, aka ci garinsu yana ɗan yaro, aka kama shi, aka sayar. Musulmi ne ɗan Musulmi, amma wannan bai cece shi ba. Daga wannan hannu zuwa wancan har ya tsinci kansa a Tibati yana yi wa dokin wani ciyawa. Ran da Jamus suka ci garin, ubangijinsa ya gudu, shi kuwa aka ɗora masa akwatin harsashi a ka. Da suka ga yana da ƙarfi, yana kuma jin Hausa da Fillanci, suka ba shi kaki da dara da bindiga. Iya ta ce yakan ce ranar ce ta fari da aka kira shi da sunansa na yanka tun rabonsa da gida.

Na ce, "To, yaƙin Marwan fa, me ya ce a kai?" Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce bai cika son zancen ba. Abin da ta riƙe shi ne, ya ce mutanen da suka taso musu suna kabbara suke yi, shi ma a zuciyarsa kabbarar yake yi, yana kuma harbi. Ta ce duk shekara in sanyi ya shigo yakan sa a yi waina a raba wa almajirai, ba ya faɗin dalili, mutanen gida dai sun sani. Ta ƙara da cewa in ya tuɓe riga zai yi wanka, bayansa duk tabon bulala ne, waɗansu na gidan bauta, waɗansu na bariki. Wannan bai ba ni mamaki ba, don na riga na karanta cewa a zamanin Jamus bulala ashirin da biyar ta zama ruwan dare a Kamaru, har ana yi wa ƙasar laƙabi da ita. Da ya bar aikin soja sai ya zauna Mubi yana sayar da goro, don a lokacin Mubi tana hannun Jamus. Sai a 1961 aka jefa ƙuri'a yankinmu ya shigo Nijeriya.

Na tambaye ta abin da ya sa ya ajiye mikiyar tun da abin yana damunsa. Ta ce ita ma ta taɓa tambayarsa tana yarinya, ya ce mutum ba ya jefar da shaidarsa, ko ta alheri ko ta sharri, don za a tambaye shi.

Ya ɗan'uwa mai karatu, tun daga daren nan nake auna mutanen nan biyu. Sun tsaya a fili ɗaya rana ɗaya, suna fuskantar wuri ɗaya. Ɗaya ya fito da lamba mai takubba, da littafi, da mutum-mutumi. Ɗaya ya fito da 'yar tagulla da tabo a baya da sadakar waina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma kada tausayi ya rufe mini ido. Harsashin da ya fita daga bindigar Baba Tsoho bai tambayi ko mai harbin bawa ne ba. Akwai gidaje a Marwa da Yola da su ma suke da adudu, suke da kakan da ya tafi yaƙin nan bai komo ba, mai yiwuwa ma jikansu yana cikin waɗanda suka yi mini tafi a aji.

Ba kuwa gidanmu kaɗai ba ne. Mu ɗaliban Hausa mun saba in ana zancen zuwan Turawa mu sa kanmu a sahun waɗanda aka zalunta kurum, mu ambaci Sarkin Musulmi Attahiru da Burmi mu yi shiru. Gaskiya ne an zalunce mu. Amma rundunar da Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Nijeriya, da Hausawa aka kafa ta, yawancinsu bayi da suka gudo. Waɗanda suka fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato a Maris, hafsoshinsu ne Turawa, masu riƙe da bindigogin kuwa da Hausa ake ba da yawansu umarni. Dubi kuma Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, ya koma cikinsu ya yaƙi Jamusawan a Gabashin Afirka, ya kai samanja, ya tara lambobi, har yau akwai barikin da ke ɗauke da sunansa a Lakwaja. Ga kuma Martin-Paul Samba, wanda ya daɗe yana yi wa Jamus yaƙi a kurmin Kamaru, daga baya ya juya musu, suka harbe shi a 1914, yau Kamaru tana kiransa gwarzo. Wane layi za mu ja mu ce nan jarumai suka tsaya, nan maciya amana suka fara? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ban faɗi wannan don in wanke Dominik ba. Shi da ƙafarsa ya zo, da iliminsa, ba wanda ya kama shi ya sayar. Ya zaɓi ya nemi girma da jinin mutanen da ba su tsare masa komai ba. Ɗaliban Hambug da suka kayar da mutum-mutuminsa sun yi abin da ya kamace su, don nasu ne, su suka san abin da ake koya musu da shi. Abin da nake cewa shi ne, su sun duba nasu tudun. Mu fa? Lambar da ke ƙirjin hafsa tana faɗin abin da mai ba da ita ya ga dama a tuna, garuruwa nawa aka ci, ƙasa nawa aka ƙara wa sarki. Wanda ya ɗauki akwatin harsashi, da dalilin da ya sa ya ɗauka, da wanda ya fara sayar da shi tun kafin Bature ya iso, wannan sai a bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Da aka koma makaranta na nemi izinin Malam na sake tsayawa gaban aji. Na ce musu labarin da na ba su rannan ƙarya ce, ni na ƙaga ta ban sani ba, ga na gaskiya. Wannan karon ba wanda ya yi tafi. Amma da aka tashi, wata 'yar ajinmu ta tsai da ni a bakin ƙofa ta ce su ma a gidansu akwai wata tsohuwar ɗamara ta soja da ba a taɓa gaya musu ta wane ne ba, in ta je hutu za ta tambaya.

Shawarata ke nan ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya. In an yi hutu, kafin mu ruga laburare neman abin da Bature ya rubuta a kanmu, mu zauna bakin tabarmar kakanninmu da takarda da alƙalami, ko mu kunna waya mu ɗauki muryarsu. Mu yi tambayar da muke tsoron amsarta, mu kuma rubuta abin da aka gaya mana yadda aka gaya mana, ko da bai yi daidai da kirarin da muka shirya ba. Matambayi ba ya ɓata. Ni dai Iya ta ce in ta cika a ba ni mikiyar nan, na kuwa ce na karɓa, da sharaɗin duk yaron da ya ce a nuna masa tsuntsu, zan nuna masa, in kuma gaya masa a goshin wa ta zauna. Bana da sanyi ya shigo na aika mata da kuɗin waina.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a filin Marwa, ya gafarta wa Baba Tsoho, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu take.